Abin da na'urar gwajin barasa ke gani a jikin matuƙin jirgi, da abin da ba ta gani

Duk shekara idan aka fara jigilar maniyyata daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, akwai manhajar da ke samun sababbin masoya a Kurfi da Dutsin-Ma. Matashi daga Rawayau zai raka tsohuwarsa sansanin alhazai, ya dawo gida, ya buɗe Flightradar24 a wayarsa, ya zuba wa ɗan hoton jirgi ido yana jan jiki a kan taswira har ya ƙetare Bahar Maliya. Manhajar tana nuna tsayin da jirgin ya kai, da saurinsa, da samfurinsa, da lambar rajistarsa, domin jirgin da kansa yake watsa bayanansa ta wata na'ura da ake kira ADS-B, tashoshin ƙasa kuma suna kamawa. Abu ɗaya ne wayar ba za ta nuna ba: halin da mutum biyun da ke zaune a gaban jirgin suke ciki, ko sun yi barci, ko sun sha wani abu daren jiya.

Wannan tambaya ta taso a Najeriya a watan Satumba na 2025, kuma yadda aka yi ta ja-in-ja a kanta ya nuna cewa kalmar "an gwada an samu" tana da fuska fiye da ɗaya.

Abin da ya faru a Fatakwal

Ranar 13 ga Yulin 2025, jirgin Air Peace samfurin Boeing 737-500 ya taso daga Legas zuwa Fatakwal ɗauke da mutum 103. Titin saukar jirgi na Fatakwal ya kai kimanin mita 3,000, kuma ƙa'ida ita ce tayoyi su taɓa ƙasa a cikin mita 900 na farko. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ya ce jirgin bai taɓa ƙasa ba sai da ya cinye mita 2,264. Abin da ya rage bai isa birki ba, sai ya zarce ƙarshen titin da mita 209 kafin ya tsaya. Allah ya kiyaye, kowa ya fito lafiya.

Layin da ya zagaye WhatsApp da Facebook daga rahoton shi ne na gwajin jiki: an samu alamar barasa a jikin matuƙan biyu, an kuma samu THC, sinadarin da ke cikin wiwi, a jikin ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke hidimar fasinja. Kafin gari ya waye labarin ya koma "matuƙa sun tuƙa jirgi a buge".

Kamfanin ya musanta. Ya ce ya dakatar da kyaftin ɗin ne saboda ya ƙi sauraron mataimakinsa lokacin da ya ce a fasa sauka a sake zagayowa, ya kuma ce hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta wanke mataimakin ya koma aiki. Mataimakin da ma'aikaciyar sun fito a talabijin suka ce ba su sha komai ba, suka kuma nuna shakku kan yadda aka ɗauki jini da fitsarinsu da kuma jinkirin fitowar sakamako. NSIB ta tsaya a kan rahotonta, ta ce ɗakin gwaji na hukumar asibitocin jihar Ribas ne ya yi aikin.

Hukumomi biyu na gwamnati ɗaya, magana biyu. Kafin mutum ya zaɓi ɓangare, yana da kyau ya san wane irin gwaji aka yi, domin a nan gizo ke saƙa.

Numfashi, jini, fitsari

Na'urar hura numfashi ita ce wadda aka fi sani. Wani jami'in 'yan sandan jihar Indiyana a Amurka, Robert Borkenstein, ya ƙirƙiro ta a 1954. Dabararta mai sauƙi ce. Barasar da ke cikin jini tana ratsawa cikin iskar da ke can ƙasan huhu, a kan wani ma'auni da ba ya sauyawa sosai: barasar da ke cikin mililita 2,100 ta numfashi ta yi daidai da wadda ke cikin mililita 1 ta jini. Idan aka auna numfashi, an kusa sanin jini. Shi ya sa ake cewa mutum ya hura da ƙarfi ya daɗe yana hurawa, don iskar ƙasan huhu ta fito, ba ta baki kawai ba.

Na'urorin da hukumomi ke amincewa da su suna ɗauke da wani ƙaramin abu mai kama da batir, wanda barasa ce abincinsa. Yana da faifai biyu na ƙarfen filatinam. Idan barasa ta taɓa faifan sai ta rikiɗe zuwa sinadarin tsami, a wajen rikiɗewar kuma lantarki ya fito. Yawan lantarkin shi ne yawan barasar, shi allon ke juyawa zuwa lamba. Akwai kuma manyan na'urori na tebur da ke haska numfashi da hasken infrared su auna abin da barasa ta haɗiye daga hasken.

Su kuwa 'yan ƙananan da ake tallatawa a shagunan intanet da araha, masu kama da maƙalin makulli, yawancinsu da sinadarin kuza mai ɗumi suke aiki. Wannan ba ya tantancewa sosai. Hayaƙin sigari, turare, ko sinadarin asiton da ke fita a numfashin mai ciwon suga ko wanda ya daɗe bai ci abinci ba, duk suna iya motsa shi. Akwai masu inganci da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, irin na kamfanin BACtrack, amma su ma sai ana mayar da su ana daidaita ma'auninsu lokaci-lokaci, in ba haka ba lambar da suke bayarwa ta zama ado.

Ko na'ura mai kyau tana da tarko guda. Wanda ya kurkure baki da ruwan wanke baki mai barasa, ya hura nan take, lamba za ta tashi sama alhali jininsa fes yake. Maganin wannan jira ne. A tsarin Amurka, idan gwajin farko ya nuna 0.02 ko sama, sai a jira minti 15 a sake hurawa a na'urar tabbatarwa, kuma sakamako na biyu shi ne abin kamawa. Barasar baki tana gushewa cikin wannan lokaci, ta jini ba ta gushewa.

Abin da aka ruwaito daga Fatakwal wani abu ne daban: EtG. Wannan wani ɓurɓushi ne da hanta ke samarwa bayan ta sarrafa barasa, yana kuma zama a fitsari kwana biyu zuwa uku bayan barasar kanta ta bar jiki, musamman idan an sha da yawa. Kamar sawun taya ne a kan rairayi. Yana nuna mota ta bi ta nan, ba ya nuna ƙarfe nawa ta wuce ko da wane gudu. Ga shi da saurin kamawa: yawan shafa sanitiza ko shan maganin tari mai barasa kan iya sa ya bayyana kaɗan. Tun a 2006 hukumar Amurka mai kula da matsalar shaye-shaye, SAMHSA, ta yi gargaɗin kada a dogara da EtG shi kaɗai wajen hukunta ma'aikaci. THC ma haka yake, ɓurɓushinsa kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a jikin mai yawan sha.

Ke nan samun EtG bai isa a ce mutum yana cikin maye a lokacin da ya riƙe jirgi ba. Bai kuma isa a ce ba komai ba. Tambaya ce da ya kamata gwajin numfashi ko na jini, wanda aka yi da wuri, ya amsa. Amurka ta ɗaure wannan da agogo: bayan haɗari a yi gwajin barasa cikin awa 2, idan awa 8 ta wuce a daina nema, domin shaidar ta riga ta narke.

Awa takwas ba ta wanke kowa

Dokar Najeriya ta hana ma'aikacin jirgi kama aiki cikin awa 8 bayan ya sha barasa, ta kuma hana shi aiki muddin tana tasiri a jikinsa. Amurka ma awa 8 ce, da iyakar kashi 0.04 cikin ɗari a jini. Birtaniya ta fi tsanani: miligiram 20 a kowace mililita 100 ta jini, wato 0.02, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka yarje wa direban mota a Ingila. Indiya ba ta yarda da ko ɗigo ba, tana sa matuƙa su hura kafin tashi, kuma wanda aka kama karon farko lasisinsa zai tsaya wata 3, karo na biyu shekara 3, karo na uku a soke shi.

Matsalar awa 8 lissafi ce. Hanta tana rage barasar jini da kusan 0.015 a kowace awa, kuma babu abin da ke sa ta sauri. Gahawa, wanka da ruwan sanyi, goro, lemon ƙara kuzari, duk suna buɗe ido ne kawai, jini yana nan yadda yake. Wanda ya ajiye kwalba da ƙarfe 12 na dare jininsa yana 0.15, da ƙarfe 8 na safe saura 0.03. Ya cika awa 8, ya tsallake iyakar Amurka, amma a filin jirgin Landan 'yan sanda za su tafi da shi. Wannan ne ya sa kamfanoni da dama suka ƙara wa kansu tsanani. United Airlines ta mayar da nata awa 12 a 2019, bayan an kama matuƙanta biyu a Gilasgo.

Ko lamba ta koma sifili, saura gajiyar maye. A 1986 masu bincike biyu, Yesavage da Leirer, sun ba matuƙan sojan ruwan Amurka barasa, suka jira awa 14, sannan suka sa su a na'urar kwaikwayon tuƙi. Aikinsu ya ragu, alhali barasar ta riga ta fita. Wani ɓangare na dalilin yana cikin kunne. A can ciki akwai 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mutum a miƙe yake ko ya karkata. Barasa tana sauya nauyin abin da ke cikinsu, ba ta kuma fita daga sassan a lokaci ɗaya. A ƙasa mutum yana gyara kuskuren da idonsa. A cikin gajimare ko ƙurar hunturu, inda ba a ganin ƙasa ba a ganin sama, matuƙi yana iya jin jirgi a miƙe alhali ya kwanta gefe.

Haka ta faru a birnin Perm na Rasha ranar 14 ga Satumban 2008. Jirgin Aeroflot-Nord, shi ma Boeing 737-500, ya kife yana shirin sauka cikin dare da gajimare, mutum 88 suka rasu. Masu bincike sun ce matuƙan sun rikice game da yadda jirgin ya karkata, ga ƙarancin horo a kan irin allon jirgin, ga rashin hutu, sannan an samu barasa a jikin kyaftin ɗin. Ba barasa kaɗai ta kayar da jirgin ba, amma ta cinye ɗan rarar hankalin da zai iya ceton sa.

Masu cewa ai kwamfuta ke tuƙa jirgi yanzu suna da rabin gaskiya. Kwamfuta tana riƙe hanya da tsayi, wasu jiragen ma tana iya saukar da su idan filin yana da kayan aikin. Sai dai hukuncin cewa wannan saukar ta lalace, a ƙara wuta a tashi a sake zagayowa, na mutum ne, kuma cikin 'yan daƙiƙu ake yanke shi. Irin wannan hukunci barasa ke fara lalatawa, tun kafin harshe ya fara nauyi.

Na'urar da aka yaudara

Ranar 28 ga Oktoban 2018, direban bas ɗin da ya ɗauko ma'aikatan Japan Airlines a filin Heathrow ya ji warin giya a jikin mataimakin matuƙi, ya kai rahoto. Saura ƙasa da awa ɗaya jirgin ya tashi zuwa Tokiyo. Jininsa ya nuna miligiram 189, kusan ninki goma na iyaka. Kotu ta ɗaure shi wata 10.

Abin lura ga mai sha'awar na'urori shi ne mutumin ya riga ya tsallake gwajin kamfaninsa. Na'urar tsohuwar yayi ce, wadda ake hura wa iska daga ɗan nesa ba tare da bututu ba, ana iya karkatar da numfashi ta karanta sifili. Hancin direban bas ya kama abin da na'ura ta saki. Bayan nan kamfanin ya koma na'urori masu bututu da ke adana sakamako, aka kuma sa wani na daban ya tsaya shaida. Duk da haka a 2024 da 2025 kamfanin ya sake shiga labarai saboda matuƙa da barasa. Na'ura tana kama wanda ya sha jiya. Ba ta warkar da wanda ba ya iya dainawa.

Kora kawai, ko magani da sa ido

Ra'ayin da ya fi saurin zuwa baki shi ne duk wanda aka kama a kore shi har abada. Ga wanda ya shiga jirgi a buge, hukunci dole ne, ba mai jayayya. Amma idan kora ce kaɗai ƙofar da ke akwai, matuƙin da ya san yana da matsala zai ɓoye, abokin aikinsa da ya ji wari zai yi shiru don kada ya raba mai iyali da abincinsa, likita kuma ba zai ji gaskiya ba.

Amurka ta gane haka tun 1974, lokacin da ƙungiyar matuƙa ta fara wani shiri mai suna HIMS, tare da hukumar jiragen sama da kamfanoni. Matuƙi zai iya kai kansa, ko abokan aiki su kai shi. Za a sauke shi daga tuƙi, ya shiga asibiti, likitocin ƙwaƙwalwa su tantance shi, sannan idan ya cancanta a mayar masa da takardar lafiya bisa sharaɗin ya bar barasa gaba ɗaya, da gwajin bazata na shekaru. A nan ne EtG ke da amfaninsa na gaskiya, shi da wani gwajin jini mai suna PEth da ke nuna shan makonni biyu zuwa huɗu da suka wuce: ga wanda ya yi alkawarin ba zai sha ko kaɗan ba, sawun taya ma hujja ce.

Sanannen misali shi ne Kyaftin Lyle Prouse. A watan Maris na 1990 shi da abokan aikinsa biyu suka tuƙa jirgin Northwest Airlines daga Fargo zuwa Minneapolis bayan sun kwana suna sha. An ɗaure shi, an ƙwace lasisinsa. Ya yi magani, ya sake neman lasisi daga matakin farko, kamfanin ya mayar da shi, ya yi ritaya yana kyaftin ɗin Boeing 747, a 2001 kuma Shugaba Bill Clinton ya yi masa afuwa. Dubban matuƙa sun koma aiki ta wannan shiri. Sai dai a 2023 wani kwamitin masana na ƙasar ya yi ƙorafin cewa ba a ba shi isassun bayanai da zai tabbatar da nasarar da shirin ke iƙirari ba, abin da ke nuna cewa shirin taimako ma yana buƙatar mai duba shi daga waje.

Turai ta bi hanya mai kama da wannan bayan haɗarin Germanwings na 2015, wanda ya ci mutum 150. Dokar da ta fito a 2018 ta haɗa abu biyu: gwajin barasa na bazata a filin jirgi, da wajabta wa kamfanoni samar da shirin tallafi na sirri ga matuƙa.

Wannan batu na sirri ya fi nauyi a Arewa. A Katsina shari'a ta haramta giya, al'umma kuma tana ƙyamarta. Yaron da ya tashi a Kurfi ko Dutsin-Ma, ya samu shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya zama abin alfaharin gari, idan kwanan otal a Legas ko Dubai da kaɗaici suka ja shi ga kwalba, abin da zai rasa ya wuce aiki. Zai rasa mutunci a gida, a masallaci, da wajen surukai. Irin wannan mutum zai fi kowa iya ɓoyewa. Shirin da zai jawo shi ya yi magana sai ya tabbatar masa cewa abin da ya faɗa wa likita ba zai koma hoton allo da ake turawa a guruf ba.

Ba kuma a giya matsalar ta tsaya ba. A 2017 NCAA ta yi gwajin bazata, ta samu ma'aikacin jirgi ɗaya da sinadarin wiwi, ta dakatar da lasisinsa kwana 180. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan binciken BBC, kuma kowa a Arewa ya san labarin tiramol. Na'urar hura numfashi ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu, sai gwajin fitsari ko yawu. Har maganin mura na halal irin Piriton yana sa barci, shi ya sa ake son matuƙi ya tambayi likitan jiragen sama kafin ya haɗiyi ƙwaya. Rashin barci shi ma maye ne da babu na'urar da ke auna shi a bakin jirgi: wani bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa awa 17 ba barci tana rage ƙwazo kamar barasa 0.05 a jini.

Abin da rigimar Fatakwal ta bari a fili

Da a ce akwai na'urar numfashi da aka daidaita, a hannun jami'in da aka horar, a filin jirgin, an kuma yi gwajin cikin awa 2 da tsayawar jirgin, da gardamar ta yi gajarta. Da an raba fitsarin kwalba biyu an rufe da hatimi a gaban mai shi, kamar yadda ake yi a Amurka wajen gwajin ƙwayoyi, da wanda ya musanta ya nemi a buɗe ta biyu a wani ɗakin gwajin. Wannan tsari yana kare fasinja daga matuƙi mai sha, yana kuma kare matuƙi mai gaskiya daga kuskuren ɗakin gwaji. Kuɗin kayan bai kai na tayar jirgi ɗaya ba. Abin da ke da wuya shi ne NCAA da NSIB da kamfanoni su amince da ma'auni ɗaya, da ɗakunan gwaji da aka tantance, tun kafin wani jirgin ya zarce titi.

Ga mai karanta irin wannan labari a waya kuwa, tambayoyin da ke raba gaskiya da hayaniya 'yan kaɗan ne: numfashi aka gwada, ko jini, ko fitsari? Barasar aka samu ko ɓurɓushinta? Awa nawa bayan sauka? Rahoton na farko ne ko na ƙarshe? A ƙa'idar ƙasa da ƙasa, rahoton farko yana tattara abin da aka gani ne, ba ya yanke dalilin haɗari, kuma binciken gaba ɗaya ba don ɗora laifi ake yin sa ba.

A rahoton nata, NSIB ta ba Air Peace shawara biyu na gaggawa: ta ƙarfafa horon da ke sa kyaftin da mataimaki su saurari juna, musamman wajen fasa saukar da ta lalace, sannan ta tsaurara yadda take tabbatar da lafiyar ma'aikata kafin a sallami jirgi. Ta biyun ce ta ja hankalin jama'a. Ta farkon kuwa ta shafi abin da kamfanin da kansa ya amsa ya faru: mataimaki ya ce a sake zagayowa, kyaftin ya ci gaba da sauka, saura mita ɗari bakwai da 'yan kai titin ya ƙare.